Ƙafar Habi

Litinin, 13 ga Satumba, bayan La'asar

Na yi shekaru ina koyar da ɗaliban jinya a Sakkwato, ban taɓa samun aji mai akuya ba sai yau. Makarantar firamare ce a gefen Goronyo, inda anka sauke mutanen da ruwa ya tasa. An ba mu aji ɗaya mu mai da shi ɗakin shan magani. A kan allo akwai kazar da wani yaro ya zana da alli. Na hana a goge ta, don duk makarantar nan ita kaɗai ce ba ta kawo mani ƙarar ciwon ciki ba.

Ɗalibai uku anka haɗa ni da su. Kulu 'yar birni, wadda bakinta ke riga ƙafarta isa ko'ina. Turai ta Rabah, wadda sai ka ranta mata magana. Sai Atiku, ɗan Wurno, garin da nake zaune da iyalina, dogo har yana sunkuyawa a ƙofa. Hannunshi wajen wanke miki ya fi nawa, amma wannan tsakanina da takardar nan.

Darasin da na zo da shi yana da dogon suna na Turanci, wanda in ka faɗe shi sau biyu sai ka nemi ruwan sha. Ma'anar dai ita ce, wanda ya ga tashin hankali ba jikinshi kaɗai ke ciwo ba, kuma mai jinya na iya fama mashi ciwon da ido bai gani. Na ce masu jikin mutum gida ne, ba a shiga sai da sallama. Ka faɗi abin da za ka yi, ka jira a ce shigo, in an ce tsaya ka tsaya. Kuma kada ka tambayi mutum mi ya faru da shi. Tambaye shi mi zai sauƙaƙa mashi.

Kulu ta ce, "Malam, allurar ma sai ta yi sallama?"

Na ce, "Ita da mai riƙe da ita."

Ban tafi Kagara ba, inda gidan mahaifinmu yake. Yaya Malami ya aiko cewa kowa na da rai, sauran sai na zo. Masu babura sun ce hanya ba kyau.

Talata, 14 ga Satumba, da Azahar

An kawo muna wata mata, Habi, matar wani basarke, wato masunci, mai suna Yari. Kwanon rufi ya yanke ta a tafin ƙafar dama a daren da ruwa ya shigo masu, ta kuma yi ta tafiya cikin laka da shi. Mikin ya kumbura, ya fara wari. Ta zauna a benci tana raha, har ta ce wa Kulu ta cika fari kamar ba ta cin tuwo.

Na fita karɓo magani, na dawo na ishe darasina na jiya ya bi ruwa. Kulu ta tsuguna tana jaje irin namu: sannu, ashe haka, yaya abin ya faru, ku nawa ne a ɗakin.  Kulu ta zuba ruwan gishiri a kwano, ta ɗaga murya ta ce, "Atiku, zo ka riƙe ƙafar nan." Habi ta waiwaya da sauri, ta ga doguwar inuwa ta tsaya a kanta, sai ta shure kwanon ta miƙe. Ta fita tana ɗingishi, ko takalminta ba ta ɗauka ba.

Kulu ta ce, "Da mun danne ta mu uku, da yanzu an gama."

Na ce haka ake wa rago ranar layya, shi ma ba ya dawowa a sake mashi bandeji.

Laraba, 15 ga Satumba, da hantsi

Tun da ba su ji da kunne ba, na ce su ji da ido. Na kwanta a benci na zama majinyaci, na ce su yi mani yadda sunka yi wa Habi. Allah Ya isa tsakanina da wannan shawara tawa. Kulu ta ja mani babban yatsa ba gargaɗi, Atiku ya tsaya ta bayan kaina yana numfashi kamar raƙumi, Turai ta ɗaga almakashi a gaban idona tana duban ko yana da kaifi. Ni da na tsara wasan sai da na ce a tsaya. Matan da ke leƙe ta taga sunka yi ta dariya, wata tsohuwa ta ce a yi wa Malam a hankali, ba shi da uwa a nan.

Bayan haka munka sake, da sallama. Atiku ya durƙusa inda nake ganinshi, ya ce, "Baba, zan taɓa diddigenka, ruwan da ɗan sanyi." Na ji bambancin a cikina, ni da na karanta abin nan a littafi har takardun sun yi laushi.

Habi ba ta dawo ba. Tana aji na ƙarshe, can kusa da bishiyar dogonyaro.

Alhamis, 16 ga Satumba, bayan La'asar

Likitan da ke zagaya sansanoni ya zo. Habi ta yarda ya duba daga nesa, ba taɓawa. Ta barbaɗa wa mikin garin bagaruwa ta ɗaure da tsumma. Likita ya ja ni gefe ya ce in ba a wanke shi kullum an cire ruɓaɓɓen naman ba, in ya dawo Alhamis ta sama zai tura ta Sakkwato, kuma can ba ya tsammanin za ta dawo da ƙafa biyu. Ƙwayoyin da ya bari tana sha, amma ƙwaya ba ta wanke laka.

Da na isa gida na gaya wa Uwaliya, uwar 'ya'yana, cewa na gano matsalar: ƙarar zuba ruwa a kwano ce ke firgita matar. Na yi bayani mai kyau, har da misalai.

Uwaliya ta ce, "Matar basarke ke tsoron ruwan kwano? To da mi take alwala, da littafinka?"

Mata ba su da ladabi ga ilimi.

Juma'a, 17 ga Satumba, kafin masallaci

Na hana zuba ruwa. Munka jiƙa auduga tun a waje, munka shigo da ita shiru kamar masu satar kaji. Turai ta lallaso Habi, ta zo ta zauna. Komai na tafiya daidai, har an kwance tsumman. Sai Kulu ta ce, "Atiku, miƙo almakashi." Habi ta waiwaya, ta janye ƙafarta, ta ɗaure da kanta, ta tafi.

Da Azahar na gan ta a bakin rijiya tana kwarara ruwa a bokiti daga sama, tana hira. Ban ga dalilin da zai sa Uwaliya ta ji wannan ba.

Asabar, 18 ga Satumba, da yamma

Sabon nazari: namiji ne ba ta so. Wannan kowa ya yarda, har Atiku, wanda ya ce shi ma in ya ga kanshi a madubi ba shiri yana ɗan razana. Munka fitar da shi waje da kwalin kayan aiki, ni ma na koma bayan ƙofa.

Abin da ban lissafa ba, kayan duk suna wajenshi. Aka fara aiki sai ga Kulu a taga tana ƙwala kira iyakar muryarta: Atiku, auduga. Atiku, bandeji. Ban ga fuskar Habi ba. Turai ta ce mani ta waiwaya wajen tagar duk sau biyun, sa'an nan ta rufe fuska da gyale ta ce ta fasa.

Yanzu ta ce ko ƙofar ajinmu ba ta sake takawa. Ƙafar ta kumbura har idon sawu.

Ban tafi Kagara ba.

Lahadi, 19 ga Satumba, da Azahar

Ranar kasuwar Goronyo. Na shiga don in ga ko duniya na nan, na ishe tana nan, tana cinikin albasa. Wani mai tumaki ya rantse mani ragonshi ya yi iyo daga ƙauye har bakin titi, don haka ya fi sauran daraja. Na sayo wa ɗalibaina ƙuli-ƙuli da rake.

A hanyar dawowa na tsaya bakin gulbi. Na ga Yari, mijin Habi, yana tura jirginshi. Kullum da safe yake fita, sai rana ta yi sanyi ya dawo. Yau na lura babu komar kamun kifi a jirgin, babu ƙugiya, sai doguwar gora kawai. Yana bin gefen ruwa a hankali, yana duba cikin ciyayi. Munka gaisa. Ya ce, "Malam, an gode da wahala." Na ce Allah Ya sa a dace. Ban ce a kan mi ba, shi ma bai ce ba.

Litinin, 20 ga Satumba, bayan La'asar

Turai ta roƙe ni in bar ta ta je wurin Habi ba kwano ba auduga. Na ce ta je ta yi mi? Ta ce, "In zauna." Wannan ita ce magana mafi tsawo da ta yi mani tun zuwanmu, don haka na ba ta izini.

Wuni sunka yi ƙarƙashin dogonyaro suna tsince tsakuwa daga shinkafar agaji. Kulu na kallonsu ta taga tana tsaki. Ta ce, "Malam, ubana ya kai ni makarantar jinya ne ko ta tsintar shinkafa? Ƙafa na ruɓewa, su suna hira."

Na ce mata haƙuri ma magani ne. Na faɗe shi da muryar malamai. In Kulu ce ke da gaskiya fa? Dannewa mugunta ce, amma mai ƙafa biyu da fushi ya fi mai ƙafa ɗaya da godiya. Na buɗe littafina na duba, marubucin bai taɓa zuwa Goronyo ba.

Talata, 21 ga Satumba, da hantsi

Zazzaɓi ya kama Habi. Turai na can.

Talata, bayan La'asar

Turai ta shigo ta rufe ƙofa, ta ce in kira sauran. Ta ce da zazzaɓin ya ɗan sauka ta ba Habi ruwa, sai ta yi tambayar da na koya masu ran farko, wadda ni kaina ban tuna na yi ba: "Inna, mi zai sauƙaƙa maki wankin nan?"

 Habi ta ce, "Ku bar kiran yaron ga."

Turai ta ce wane yaro. Ta ce, "Dogon. Nawa na fari, haka anka raɗa mashi."

Kulu ta ce, "To ina shi ɗan nata yake?"

Turai ta ce, "Ban tambaya ba."

 Ni kuwa na zauna a kujerar 'yan aji ɗaya, gwiwoyina a haɓata, ina tuna Inno mahaifiyarmu. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan Yaya Malami a bakinta ba. Ɗan fari ne, kunya ta hana. Wancan take ce mashi, ko mutumen nan. In ya yi rashin lafiya sai ta aiki ƙanwarta ta duba shi, ita tana tsakar gida tana daka kamar ba abin da ya dame ta. A cikin wannan na girma. Matar nan ba ta da damar faɗin sunan, ba ta da damar yin kuka a gaban mutane, mu kuma muna ta jifar ta da shi ta taga, ni ina bayan ƙofa ina nazarin ƙarar ruwa.

Atiku ya ce, "Malam, in koma Wurno kawai."

Na ce ba inda za shi, hannunshi muke bukata. Suna ne za mu ajiye.

Nan fa aji ya farfaɗo. Kulu ta kawo Sarkin Auduga. Turai ta ce Zangarniya. Ni na kawo wani suna na Larabci mai ma'ana mai zurfi, ba wanda ya kula ni. Aka tsaya a kan Dogo. Atiku ya ce a gaya wa babanshi ragon da ya yanka ya tafi a banza.

Kulu ta tsaya bayan kowa ya fita. Ta ce, "Malam, sau nawa na kira sunan?" Na ce ban ƙirga ba. Ta ce ita ta ƙirga. Na ba ta rake.

Laraba, 22 ga Satumba, da Azahar

An wanke ƙafar Habi.

Ba a aji ba, ƙarƙashin dogonyaro, inda ta zaɓa, ta jingina da bishiya yadda ba mai zuwa ta bayanta. Ita ta riƙe butar da kanta, tana zubawa tana kwarara ruwa yadda ta ga dama, tana kallona. Ina zargin labarin nazarina ya isa gare ta. Turai na faɗin kowane abu kafin ta yi. Habi ta ce tsaya, anka tsaya, ta huta ta ce a ci gaba. Kulu na miƙa kaya bakinta a rufe, ban taɓa ganin mutum na shan wahala irin wannan ba.

Da anka zo cire ruɓaɓɓen naman, Turai ta kasa ci gaba. Ba laifinta ba ne, aikin na da wuya. Na fara naɗe hannun riga, sai Habi ta ce, "Ba kai ba, Malam, idonka ya tsufa. Ina mai-suna?"

Kulu ta ce, "Dogo kike nufi, Inna?"

Habi ta ce, "Ke, raba ni da Dogo. Tun jiya nika jin ku kuna Dogo, Dogo, awa masu kiran jaki. Sunan da ubanshi ya yanka wa rago ba ku ka canza shi ba. Ni dai kada a kira shi daga nesa. In anka kira daga nesa, waiwayawa nikai."

 Turai ta tashi ta je da ƙafarta ta zo da shi. Ya zo ta gaba, ya durƙusa, ya yi sallama, ya ce, "Inna, zan taɓa. Zai yi zafi kaɗan, ba zan ɓoye maki ba."

Ta ce, "Kaɗan ɗin ku na asibiti na san shi. Taɓa."

Ta kafe shi da ido har ya gama. Ba ta yi ko uhm ba. Da ya naɗe bandejin ta ce, "Mai-suna, kana cin abinci kuwa? Tsawo ba ƙiba, awa karan dawa." Ta sa aka ɗebo mashi shinkafar da sunka tsince.

Alhamis, 23 ga Satumba, bayan La'asar

Likita ya zo. Na tare shi tun a bakin mota na gaya mashi ƙa'idar kiran suna, ya dube ni kamar na fara taɓuwa, amma ya bi. Ya duba ƙafar, ya ce wanki biyu ba su isa ya yanke hukunci ba. Kumburin bai ƙaru ba, zazzaɓin ya sauka. Ya ƙara muna mako guda. In jan kumburin ya haura sama, a sa ta mota ko ba ya nan.

Na koma gida na ci tuwo malmala uku. Uwaliya ta ce, "Wane nazarin ne ya ci?" Na ce na Turai. Ta ce, "Ka gaishe ta."

Asabar, 25 ga Satumba, da hantsi

Sansani ya ɗauki sallama kamar sabon yayi. Yara na zuwa wurin akuya suna cewa za mu taɓa kunnenki, kin yarda? Wani tsoho da Kulu za ta yi wa allura ya ce bai amsa sallama ba tukuna, sai ya gama goronshi. Kulu ta tsaya da allura a hannu har ya tauna ya tofar. Na so a ce shugabar makarantarmu ta ga wannan da idonta.

Habi yanzu ita ke aiko a gaya muna lokacin wanki ya yi. In munka makara ta ce ma'aikatan gwamnati ke nan.

Lahadi, 26 ga Satumba, da Magariba

Na tafi Kagara. Tsamiyar ƙofar gida tana nan. Yaya Malami ya rame.

Talata, 28 ga Satumba, da Azahar

Mikin ya fara ja mai kyau daga ciki, warin ya tafi. Na nuna masu yadda sabon nama ke tasowa, na yi jawabi, na lura ba mai saurare sai Habi, ita ma don ta gyara mani ne. Ta ce ba a cewa ya warke a gaban miki, yana ji.

Yari ya dawo da wuri yau. Ya zauna nesa kaɗan yana kallon Atiku na naɗe bandeji. Da aka gama ya ce, "Yaro, ka iya tuƙa jirgi?" Atiku ya ce ko kwale-kwalen takarda bai iya ba. Yari ya ce, "Asarar tsawo." Habi ta yi dariya har ta riƙe ciki, sa'an nan ta juya ta fuskanci bishiya na ɗan lokaci. Turai ta ci gaba da wanke almakashi, Kulu ta ci gaba da naɗe auduga. Ba wadda ta ce ki yi haƙuri. In da jarrabawa ce, a nan zan ba su maki.

Alhamis, 30 ga Satumba, bayan La'asar

 Likita bai iso ba sai da rana ta karkata. Habi ta yi wanka ta ɗaura zanen da aka ba ta na agaji, ta zauna a gindin dogonyaro kamar mai jiran baƙi. Matan ajinta duk sun fito, Yari na tsaye da gorarshi.

Likita ya miƙa hannu zai kwance bandeji, sai Kulu ta yi gyaran murya. Ya dube ta, ya dube ni, ya janye hannun. Ya ce, "Salamu alaikum, Inna. Zan duba ƙafar."

Habi ta ce, "Ka ga ɗan mutane. Bisimilla."

Ya daɗe yana dubawa. Ya latsa nan, ya latsa can, ya sa ta motsa yatsu. Ya tambayi wa ya yi aikin, Habi ta nuna Atiku da haɓa ta ce, "Mai-suna, da 'yan matan ga. Malam kuma shina ba da labari." Likita ya cire safar hannu ya ce a ci gaba da wanki har ya rufe, amma ba zancen Sakkwato. Ya ce, "Inna, ƙafarki ta zauna."

Habi ta dubi ƙafar, ta dube shi, ta ce, "Da ina za ta?"